Sirdin Ya Yi Tsayi

Yaya,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali. Matarka ta faɗa mini za ka sayi keke, har ka wuce ta ƙofar shagona ka je wajen wani. Shekara ashirin ina gyaran keke, ban isa ka tambaye ni ba. To, ko ba ka tambaya ba zan faɗa.

Keken tseren nan mai lanƙwasasshen kai ba naka ba ne. Tayarsa kamar yatsa take, wayoyin ƙafarsa ƙalilan ne, kai kuwa ka haura kilo ɗari da ashirin, ga hanyar gidanka duk ramuka. Ka sayi mai faɗin taya da miƙaƙƙen kai, wanda za ka zauna a kai sosai. In ka ƙi, ƙasa na jiranka.

Ƙaninka.

*

Mai gyara,

Na amsa gaisuwarka don dai wajibi ce. Shekara biyu ba ka tako gidana ba, tun ranar da ka kira ni buhun siminti a gaban masu yi mini ɗinki, suna dariya kana ƙarawa. Yau kuma ka dawo da sikeli a cikin takarda.

Ba sha'awa ta sa ni neman keke ba. Likita ya ce suga ya kama ni, ƙafafuna sun fara mutuwa saboda zaman kan keken ɗinki, dole in motsa jiki. Shekarata arba'in da tara, ba zan hau keken tsofaffi masu zuwa cefane ba. Na riga na sayi siririn, ja ne. Ka riƙe iliminka.

Yayanka, ko ka so ko ka ƙi.

*

Yaya,

Ina gaishe ka, ya jiki? Jan kekenka yana shagona. Matarka ta kawo shi a bayan mota, ƙafar baya ta murɗe, ta ce ka faɗi a mararraba, kafaɗarka ta goce, ta kuma roƙe ni kada ka sani. Ni ba na ɓoye-ɓoye, kuma ba zan gyara shi ba.

Wata nawa kana da suga ba ka faɗa mini ba? Ni na riƙe Baba ranar da aka yanke masa ƙafa saboda suga, ni na yi ta ɗaukarsa zuwa banɗaki har ya rasu, kai kana shago. Ba zan sake ɗaukar wani ba. Maganar buhu na faɗe ta, ban kyauta ba. Amma taurin kanka ya fi bakina muni.

Ka huta lafiya. Ƙaninka.

*

Mai gyara,

Jiki da sauƙi. Da hagu nake rubutu, ka yi haƙuri da shi.

Ba rami ne ya kayar da ni ba, kada ka ji daɗi. Na sunkuya ne a kan keken, cikina ya danne cinyoyina, numfashi ya gagara, idona ya rufe. Kwana uku ina jin haka na ƙi daina hawa, don kada a ce ka yi gaskiya. Na ga ƙafar Baba kamar yadda ka gani. Abin da ya hana ni faɗa maka ina da suga ke nan.

Jiya na tarar da baƙin keke mai faɗin taya jingine a ƙofar gida, an ƙara masa wayoyi, an sa faffaɗan sirdi. Matata ta ce ka ajiye ka juya, ko sallama ba ka yi ba. Ban roƙe ka ba. Ka aiko a ɗauke shi.

Yayanka.

*

Ƙanina,

Gaisuwa. Mako uku ba ka aiko ba, kafaɗa ta warke, na hau shi sau biyu. Sirdin ya yi tsayi, ƙafata ba ta kai feda sosai. Ka zo ranar Asabar da safe da sifana. Ka bar surutunka a shago.

Yayanka.