Ajin Kwatance

Kano, farkon watan Mayu

Zuwa ga Yaya Siddiƙa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da Inna da Adawiyya da malaman makarantarku. Na san za ki yi dariyar ganin takarda daga wurina alhali ga waya. Dakta Maliki, wanda ke duba aikina na digiri na biyu a fannin koyar da harshe, ya ce maganar waya iska ce, duk abin da ya shafi bincike a rubuta shi. Don haka saƙona zai riƙa zuwa miki ta hannun Sharu Lawal direba.

Kwalin da ya kawo miki ƙananan littattafan koyon karatu ne na Hausa. Wata ƙungiya ce ta ba ni aronsu, da alkawarin in bincikena ya nuna amfaninsu za ta buga wa duk makarantun ƙaramar hukumarmu. Tambayata ita ce: yaron da aka fara koya wa karatu da harshen gidansu, ya fi wanda aka fara wa da Turanci saurin iyawa? Na san kin san amsar, ni ma na sani. Amma abu na farko da aka koya mana a darasin dabarun bincike shi ne, "na sani" ba hujja ba ce.

Ga yadda za a yi. Ki raba ajinki na uku gida biyu da ƙuri'a, ba da son ranki ba. Rabi su ne ajin gwaji, ke za ki koya musu da littattafan nan. Sauran su ne ajin kwatance, su ci gaba da littafin Turancin da suka saba a hannun Malam Kabiru. A yi musu jarrabawa iri ɗaya yanzu, a sake a ƙarshen zango. Ratar da za ta fito tsakaninsu ita ce hujjata.

Don Allah, Yaya, kada littafi ko ɗaya ya tsallaka ajin kwatance. Ranar da ya tsallaka, aikin ya mutu.

Ki gaida Inna da kyau. Na bar ki lafiya.

Ƙanenki,
Maharazu


Kukar Sada, ta Sandamu

Maharazu, Dakta na gobe,

Wa alaikumus salam. Lafiya lau muke. Inna ta ce in tambaye ka ko a jami'ar taku ana koyar da zuwa gida, don ta ga alama ba ka kai wannan darasin ba.

Na yi maka ƙuri'arka. Na nannaɗe sunaye na zuba a hular hedimasta, shi ya riƙa zarowa. Adawiyya ta faɗa ajin kwatance. Ba ta yi kuka ba. Sai da muka koma gida ta ce, "Mama, Kawu fushi yake yi da ni?" Ka san ta, shekara tara, har yau in aka miƙo mata takarda sai ta sunkuyar da kai. Kwalin kuwa a ƙarƙashin gadona yake kwana, ina kwance a kansa kamar kaza da ƙwai, kada 'yata ta taɓa.

Shekaranjiya Alhaji Mahdi mai gyaɗa ya zo makaranta. 'Ya'yansa biyu suna ajin, Zuwaira ta samu littafi, Rukayya ba ta samu ba. Ya ce, "Malama, ni ko ƙuli-ƙuli ba na ba ɗaya in hana ɗaya. Wace irin boko ce wannan?" Na yi masa bayanin ƙuri'a dalla-dalla yadda ka rubuto. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "To, caca kuka yi da su ke nan." Ya shuri takalmansa. Ka aiko mini da amsar da zan ba shi, ni tawa ta ƙare.

Sannan ka manta da ginin makarantar da ka yi karatu a cikinta. Katangar da ke tsakanin ɗakunan ba ta kai rufi ba, silin kuwa tun kana gajeren wando ya zube. In nawa suka ce "ba, be, bi", sai na maƙwabta su amsa "bo, bu". Malam Kabiru ya yi ta dukan tebur har hannunsa ya kumbura.

A gaida Daktan naka da ban sani ba.

Yayarka,
Siddiƙa


Kano, tsakiyar watan Yuni

Yaya,

Salamu alaikum. Na ga takardarki, maganar Adawiyya ta taɓa ni. 'Yata ce ni ma, in na zo hutu da kaina zan zauna da ita. Ki faɗa mata ba fushi nake yi ba.

Ki ce wa Alhaji Mahdi haka ake gwada maganin asibiti kafin a ba jama'a: wasu su sha, wasu su jira, a ga bambanci. Zango ɗaya ne kawai. Yara ƙalilan su yi haƙuri domin dubbai su samu, wannan ba zalunci ba ne.

Batun katanga, ku mayar da ajin kwatance gindin darbejiyar bakin fili, inda murya ba ta kaiwa. Littattafan kuma kada su je gida da kowa, a karɓe su kafin tashi.

Na roƙe ki, Yaya, ki daure. Shekarata guda tana cikin kwalin nan.

Naki,
Maharazu


Kukar Sada, ƙarshen zango

Maharazu,

Gaisuwa da fatan alheri. Damina ta yi kyau, gero ya fi ƙarfin ɗan akuya. Ga takardun jarrabawa na ɗaure maka su kashi biyu yadda ka ce.

Ba zan ɓoye maka ba. Mun kai 'yan ajin kwatance gindin darbejiya, suka yi sati biyu a can. Ran nan hadari ya taso daga gabas da iska mai ƙarfi, ɗakin Malam Kabiru kuma yoyo yake yi kamar rariya. Na shigo da su ajina. Don in cika maka umarninka, na zaunar da su a baya na ce su juya su fuskanci bango. Na ci gaba da darasi ina kallon ƙeyar yara. Can na lura kan Rukayya yana rausayawa daidai da karatunmu. Na zagaya, sai na ga bakinta yana motsi, yatsanta yana zana baƙi a jikin bango, kusa da ita kuma Adawiyya tana kwaikwayonta. Ashe tun tuni a bakin famfo suke koya wa juna, a kan jiƙaƙƙen yashi.

Maharazu, ni malama ce. Na ɗauki littafi na sa a hannun Rukayya, na ce kowa ya juyo. Daga ranar, biyu-biyu suke zama a kan littafi ɗaya.

Na san ka hana. Amma ka duba takardun kafin ka yi faɗa. Kusan duk ajin yanzu suna haɗa baƙi. Alhaji Mahdi ya aiko mini da kwanon gyaɗa, wai Rukayya ta karanta masa rubutun jikin buhun taki. Hujja kake nema, ga ta nan ninki biyu.

Inna tana gaishe ka. Sai mun gan ka.

Siddiƙa


Kano, watan Satumba

Yaya Siddiƙa,

Bayan gaisuwa. Na daɗe ban rubuto ba don ina tsoron abin da zan faɗa. Yanzu na huce gwargwadon iyawata.

Na yi ƙididdigar takardun. Ajin gwaji sun ƙaru, ajin kwatance ma sun ƙaru kusan daidai da su. A ranar gabatar da aiki, gaban malamai da ɗalibai, Dakta Maliki ya karanta sakamakon: babu bambanci. Na ce, ranka ya daɗe, ai duk sun iya karatu. Ya ce, "Madalla. Ta ina ka san littafin ne? Ko ƙwazon malamar ne, ko girma suka ƙara, ko albarkar damina ce?" Aka yi dariya. Gaskiya ya faɗa. Ya ce kuskurena na farko shi ne kai bincike gidanmu. Yanzu da aikina yake ba sababbin ɗalibai misalin yadda ba a yi.

Wani abokin karatuna ya ce in rage wa ajin kwatance maki a ɓoye, wa zai sani? Na kwana biyu da maganar a raina, ban yi ba. Ki san wannan ma.

Ƙungiyar kuwa layi ɗaya ta karanta: babu bambanci. Ta jingine maganar buga littattafai. Da ƙyar na samu a ba ni dama ta biyu. Zan sake daga farko a wajen Baure, a makarantu biyu masu nisa da juna, inda ba ni da ɗan'uwa ko ɗaya. Shekarar ta tafi. Takardunku ba za su shiga kundina ba, domin a ƙa'idar bincike yaran ajin kwatance sun gurɓata, ba a iya auna komai da su.

Kin ce ke malama ce. Haka ne. Kin ba rabin aji, kin hana makarantun ƙaramar hukuma guda. Ban san yadda ake auna wannan ba, ba a koya mana ba.

Ki haɗa littattafan ki ba Sharu Lawal ran kasuwa. Aro ne, kuma da su zan yi aiki a Baure.

Ki gaida Inna. Wassalam.

Maharazu


Kukar Sada

Maharazu,

Ga kwalinka. Babu wanda ya ɓata, sai dai bangayensu sun sha hannu.

Ranar da takardarka ta iso ina tuƙa tuwo. Da na ga da na'ura ka buga ta, sai na ce wa Adawiyya ta karanta mana, Inna ta ji muryar jikarta. Ta tsuguna bakin murhu tana bi da yatsa, a hankali, ba ta tsallake ko kalma ɗaya ba. Inna har da hawaye. Ta yi ta tafiya har ta kai inda ka ce yaran ajin kwatance sun gurɓata. Nan ta tsaya, ta ɗago kai ta ce, "Mama, mu ne?"

Na ce ta jira Kawunta, shi ya yi karatun abin.

Allah ya ba da sa'a a Baure.

Siddiƙa