Lemon Inna da Ruwan Fara

Magariya, Litinin

Yaya Hambali,

Gaisuwa mai yawa, ya su Rumaisa'u da yara? Baƙin da ka sa wa hayar gidan marigayiya Inna sun iso. Ka ce masu hutu ne. Hutun ƙaniya! 'Yan sarin fara ne, da buhuna har bakin ƙofa. A tsakar gida suke dafa ta, su shanya har kan gadon Inna. Ƙarni ya hana maƙwabta cin tuwo, ƙuda kuwa kamar mahauta. Jiya na tsinci ƙafar fara cikin randa, na yi ta amai.

Abin da ya fi ci mini rai, tafasasshen ruwan gishirin da suke dafa farar, a gindin lemon da Inna ta dasa suke sheƙa shi. Na yi magana, Hajiyarsu ta ce, "Ke, itace ma ciwo yake ji?" Ka ba ni izini in karɓe makulli.

Ƙanwarka,
Altine

Yamai, Alhamis

Altine,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Ki yi haƙuri, baƙonka annabinka. Hajiyar nan surukar shugaban buronmu ce, wato ofishin da nake aiki, ba zan iya haɗa ido da shi ba in aka kore ta. Saura kaɗan su tafi. Lemo kuwa icce ne mai taurin rai, ki riƙa ba shi ruwa.

Af, Rumaisa'u na laulayi, ba abin da take marmari sai lemon Inna. Ki aiko mana ta hannun direba kamar kullum.

Ki huta lafiya,
Hambali

Magariya, Lahadi

Yaya,

Ina gaisuwa. Ruwa kam na ba shi har na gaji. Yanzu sun ɗaura igiya a reshensa suna shanya tsumman tata. Ganye na zuba, 'ya'yan sun yanƙwane. Sai da na durƙusa wa matar nan wallahi, ta amsa mini tana sakace. Ƙyamarta nake ji, kai kuma haushinka.

Altine

Magariya, Juma'a

Yaya Hambali,

Sun tafi, sun ce a gode maka. Souleymane direba zai ba ka ƙulli biyu. Babban ƙullin, farar da suka bar maka tukwici ce, ka ɗiba wa shugabanka. Ƙaramin kuwa makullin gida ne, ka nemi wata mai tsaro.

Ka ba Rumaisa'u haƙuri. Lemon Inna ya bushe. Wani tsoho mai gatari ya zo sare shi da safe, ya ce ko wuta ba zai yi daɗin ci ba. Ban tsaya kallo ba.

Allah Ya sauke ta lafiya.
Altine