Robar Ta Saki

Yaya,

Salamu alaikum. Ina gaishe ki, ya shago, ya yara?

Tambaya ce ta kawo ni, kuma kada ki yi mini dariya. Kin tuna rigar mama da kamfai masu leshi, ruwan zuma, da na saya a shagonki satin da baban yara ya tafi aiki? Ban taɓa sakawa ba, na ce sai ranar da ya dawo. Jiya na ciro su daga ƙasan akwati, na ɗan ja hannun rigar, sai na ji ƙaras-ƙaras. Robar ta saki, har wani gari take zubarwa. Wallahi zama na yi a bakin gado na yi ta kuka. Akwai dabarar gyarawa?

Ƙanwarki,
Auta

Auta,

Wa alaikis salam. Muna lafiya, sai ciwon ƙafata.

Oh ni! Shekara huɗu a cikin leda, a akwatin da rana ke duka ta taga? Ai ko robar taya ce ta mutu. Kayan ciki ba na ajiya ba ne, yarinya. Wadda ake sakawa ma, ana wanke ta da hannu da ruwan sanyi, ba murɗewa, a shanya a inuwa, da kyar take wuce shekara. Ba gyara, ki jefar.

Kuma ni ba yarinya ba ce. Ba roba ce ta sa ki kuka ba. Mutumin naki ya ce shekara ɗaya, ga ta huɗu. Kullum kuna waya kuna zancen makaranta da famfon da ke yoyo. Kin taɓa buɗe baki kin ce masa, yaushe? Ki tambaye shi, ko ni in kira shi, kin san bakina.

Yayarki

Yaya,

Ina gaisuwa. Allah ya ba ki sauƙin ƙafar.

Don Allah kada ki kira shi. Tsoron amsar nake ji, shi ya sa ban tambaya ba. Kewarsa nake yi, Yaya, har tarin nan nasa na safe da nake yi wa mita. Na kai kayan bakin kwandon shara, na dawo da su. Zan tambaye shi ranar Juma'a.

Auta

Yaya,

Barka da yini. Na tambaye shi. Ya ce sun sabunta masa kwantiragi, sai baɗi, in Allah ya so.

Ki aiko mini da wasu, kalar dai ita ce, amma ki rage lamba ɗaya, na rame. Ki rubuto mini yadda zan ajiye su su kai baɗi. In da hali, har su ɗan wuce.

Na gode,
Auta