Fuskar Inna a Allon Sinima

Aziziyya, Makka

Zuwa ga ɗan ƙanena Hudaifa,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, ya zafin Jidda? Na rubuta a takarda na ba Awwalu direba, domin idan na ji muryarka a waya sai in tuna ni na goya ka, zuciyata ta yi laushi, kuma ba na so ta yi.

'Yata Nuha ta nuna mini tallan fim ɗinka. Na ga fuskar uwata, kakarka Hajiya Shatu, a buɗe, da tsagen Gobirawa a kumatunta, an faɗaɗa ta kamar allon tallan turare.

Ka san tun da ta balaga a unguwar Nakkasa babu namijin da ya ga wannan fuska sai muharraminta. Tana yarinya, 'ya'yan maƙwabta suka riƙa binta suna cewa mage ta yaƙushe Takaruniya, sunan da Larabawa ke kiran irinmu da shi. Ranar da ta sa niƙabi ta huta. Ta buɗe maka ne don kai jikanta ne, ta ɗauka abin da ke hannunka na hoton gida ne irin na salla. Ka cire ta daga fim ɗin kafin a haska shi.

Ka gaida matarka Manal. Gwaggonka,
Khadijatul Kubra

*

Jidda

Gwaggo mai daraja,

Wa alaikumus salam. Ki yafe Hausata, kin san Larabci ya fi mini sauƙi.

Bara na kalli finafinai game da Armeniyawan da yaƙi ya kora daga birnin Halab na Siriya. Iyalai ne a ƙasar da ba su saba da ita ba, yara sun koyi sabon harshe, tsofaffi suna zaune a kicin suna dafa abincin garin da ya rushe. Akwai wata tsohuwa da aka bar kyamara a kan fuskarta, duk zauren ya yi kuka. Wallahi Sitti, kakata, na gani. An rushe Nakkasa, an kai ta hawa na biyar a Aziziyya, ta kasa gane inda rana take fitowa. Armeniyawa suna da finafinai, duniya ta san su. Mu wa ya san mu?

Idan na rufe fuskar, babu fim. Kuma ki yi haƙuri, Gwaggo, kin cika ɗaki da littattafai, amma ba ki taɓa rubuta layi ɗaya a kanmu ba. Ni na yi wani abu.

Ki sumbaci kan Sitti a madadina. Ɗanki,
Hudaifa

*

Aziziyya, Makka

Hudaifa,

Bayan gaisuwa. An haska, an tafa maka, na ji har wani mai gemu ya rungume ka. Barka.

Na karanta tarihin Armeniyawa tun kana tsotson yatsa, don haka kada ka koya mini. An kore su ta hamada, jikokinsu suka sake gudu daga Halab. Allah Ya sani ina tausayinsu. Amma tambaya ɗaya: tsohuwar da ta sa ka kuka, ta san ana ɗaukarta ko ba ta sani ba? Ta zauna, ta gyara ɗankwali, ta ce bismillah ku ɗauka. Taka kakar tana tsince shinkafa tana yi maka hira, kai kuwa kana matso da kyamara kan kumatunta kamar mai duba rago a kasuwa.

Ka je neman kakar Armeniyawa, ba ka samu ba, sai ka ari tawa uwar ka sa mata kiɗan goge mai ban tausayi. Ko abin da take faɗa ba ka ji duka ba, ni ka tambaya in fassara maka, ka ce don jikoki ne. Na fassara. Wannan ma ba zan yafe maka ba.

Ga sakamakon abin da ka yi. Jiya na bi ta unguwar Misfala sayen garin lalle. Ja'afaru mai shago, wanda ya shekara yana gaida Inna ta bayan labule, ya kalle ni yana murmushi ya ce, "Ashe Hajiya Bagobira ce? Tsage ras, masha Allah. Yarana sun nuna mini a waya." Yaron shagonsa na dariya, yana ja wa kansa layi a kumatu da yatsa.

Ka ce ban rubuta komai a kanmu ba. Gaskiya ne. Na san abubuwa da yawa, na kuma san ba nawa ba ne.

Inna ba ta sani ba tukuna. Wassalam.
Khadijatul Kubra

*

Jidda

Gwaggo,

Salam. Don Allah, don darajar Ɗakin Ka'aba, kada ki gaya mata. Ba ta riƙe waya, ba ta fita sai Harami. Na ce a sauke tallan, amma mutane sun riga sun kwafa. Zan zo Juma'a kamar kullum, in kawo mata halawar da take so. Ki bar ta ta ƙarasa kwanakinta ba ta sani ba.

Ɗanki mai neman afuwa,
Hudaifa

*

Aziziyya, Makka

Hudaifa,

Wa alaikas salam. Na nuna mata da hannuna, bayan la'asar. Kai ka yanke hukunci a kan fuskarta ba ka tambaye ta ba, ni ba zan maimaita ba.

Ta kalla har ƙarshe. Ba ta yi kuka ba. Ta tambaya ko maza nawa ne a zauren, na ce ya cika.

Ta ce ka zo Juma'a, ba ta hana ka gidan ba. Ka yi sallama daga bakin ƙofa, ka jira a ba ka izini. Za ka zauna a falon baƙi, Nuha ta kawo maka shayi. Inna za ta fito ta gaishe ka da niƙabinta.

Allah Ya kiyaye hanya.
Khadijatul Kubra