Ruwan Bagaruwar Iya

Litinin, 2 ga Satumba, 2024

Awo a asibitin Garki. Cikina wata biyar. Wata yarinya mai farar riga, wai Dakta Kindness, ta tsare ni, wai suna bincike kan ƙwayoyin halittar da ke zaune a jikin masu ciki. A hanji, a baki, har can ƙasa. Wai wasu na kirki ne, tsaron jiki suke yi. Ƙwayar cuta ta kirki! Ta ga na rasa ciki biyu duk a wata na bakwai, shi ne ta maƙale min. Na ce to, don ta bar ni in koma ofis.

Alhamis, 5 ga Satumba

Ashe har da kashi suke so, a 'yar roba. Mutum ya yi digiri uku ya ƙare a leƙen bayan gidan mutane. Mijina Lukmanu ya yi ta dariya, ya ce shi dai ba a motarsa ba.

Talata, 24 ga Satumba

Sakamako ya fito. Kindness ta ce, "Madam Saudatu, kana wanke can ciki da wani abu?" Ko Hausar ba ta iya ba. Na ce ƙwarai, ruwan bagaruwa da ɗumi safe da yamma, da sabulun magani, da turaren tsuguno, kamar kowace mace mai aji. Wai na kirkin sun kusa ƙarewa a jikina, wasu sun maye gurbinsu, kuma an lura hakan na yawan tafiya da haihuwar bakwaini. Wai in daina, ruwa zalla ya isa, daga waje. Ta ba ni magani.

Wato tsaftata ce laifi. Ni, da ko a ma'aikatarmu an san ƙamshina. Na ce, ke kin tabbata shi ya kashe min 'ya'ya? Ta ce ba ta tabbata ba, shi ya sa suke binciken. To da ba ki sani ba, uwar me kike gaya min?

Asabar, 28 ga Satumba

Iya ta iso daga Katsina da ƙullin bagaruwa kamar za ta buɗe shago. Na ba ta labari. Ta ce, "Ku tara na haifa da shi, ke ce ta shida." Ya fi min duk takardunsu.

Lahadi, 6 ga Oktoba

Marata ta ɗaure da hantsi. Irin ɗaurin nan. Na san shi.

Litinin, 7 ga Oktoba

Ya lafa. Kindness ta duba ni da kanta, ba ta ce ai na gaya miki ba. Takalmanta dai abin kunya.

Alhamis, 17 ga Oktoba

Iya ta dafa ruwan da safe, ta kai min banɗaki da hannunta, duk da ciwon ƙafarta. Na kulle ƙofa. Na jima ina kallon bokitin. Sai na tuttular da shi a masai, a hankali don kada ta ji. Da na fito ta ce, "Kin yi?" Na ce na yi, Iya. Ban taɓa yi mata ƙarya ba, kuma yau kwana nawa ke nan ina yi.

Ba don maganar yarinyar nan ba ne. Ruwan ne ya cika zafi.

Watan bakwai ya kusa. Ɗazu bayan azahar na roƙi Allah, sannan na dafa marata, ni da hankalina da ilimina, na ce da ƙwayoyin kirkin nan da ban taɓa gani ba: in da gaske kuna nan, ku riƙe min wannan.