Akwatin Baffa Munji a Ɗakin Gwaji

Susa, 3 ga Maris

Zuwa ga mahaifina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya. Ya gwiwar taka? Ya Umma da mutanen Gabes? Ni lafiya lau, sai dai abinci ba ya shiga sosai.

Ka tambaye ni wane irin aiki ne ya hana ni zuwa gida. Ka tuna yadda rediyonka ke shaƙewa duk lokacin da Umma ta kunna injin markaɗe? Kowace na'urar lantarki tana fitar da irin wannan hayaniya. Mu aikinmu mu rufe na'ura a ɗaki mai bangon ƙarfe mu auna. Akwai jan layi a allon kwamfuta, wadda ta haye shi ta faɗi.

Ƙarshen wata masu tantancewa za su zo. In sun amince da mu, takardar shaidar gwajinmu za ta karɓu a ƙasashen da aka yi yarjejeniyar kasuwanci da su, masu masana'antunmu su huta da tura kaya ƙetaren teku. Masu tantancewar za su tsaya a kan mai gwaji su ga hannunsa. Wanda ya ƙware a ɗakin ya tafi Jamus, saura ni da ban cika shekara a aikin ba.

Wani sharaɗin kuma, mai gwaji ba ya gyara, ba ya ba da shawarar gyara. A da, in kayan mutum ya faɗi, sai a kawo shayi, a buɗe akwatin a taya shi. Yanzu an ce wanda ya sa hannu a ƙira ba zai yi mata alƙalanci ba. Shugabanmu Si Lutfi ya kulle dalma da sukurudireba a kabad, yana cewa, "Shekara ashirin ina zaton mutunci nake yi, ashe laifi nake tarawa."

Ka ce amininka Baffa Munji zai kawo akwatinsa mai sarrafa famfon ban ruwa, wanda wani ɗan Italiya zai saya in ya samu takarda, kuma in kula da shi. Ban manta ba, a shagonsa na fara riƙe wayar lantarki. Na sanar da ofis alaƙarmu. Sun ce tun da ba dangi ba ne, ba ni kuma da kaso a kamfaninsa, zan iya gwadawa. Allah ya sa ya wuce.

A gaida Umma.

'Yarka,
Rihab

Susa, 29 ga Maris

Baba,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ya jiki, ya gida? Na san labari ya riga wasiƙar nan zuwa, amma ina so ka ji daga bakina.

Mai tantancewar, Madam Katrien daga Beljiyam, ta duba kayan da ke jira, ta nuna akwatin Baffa ta ce shi zan gwada a gabanta. Baffa ya shigo da fara'a, ya ce, "'Yar shagona! Yau ke ce alƙali? To a yi wa tsoho sassauci."

Na haɗa komai, na rufe ƙofa. Layin hayaniyar akwatin ya tashi a hankali a allon, sai a wuri ɗaya ya haye jan layin. Ba da yawa ba, amma ya haye. Na duba wayoyina na maimaita, ko kuskuren nawa ne. Ba nawa ba ne.

Baba, na san maganin. Wayar da ke zuwa famfo tana buƙatar wani ƙaramin zoben baƙin ƙarfe da ake zura ta ciki. Bai kai kuɗin burodi biyu ba. Baffa ya matso ya ce da Larabci, "'Yata, ina matsalar take? Gaya mini a kunne, wannan matar ba ta ji." Gaskiya ne, ba ta ji. Tana can tana rubutu. Da na ce "zobe a wayar famfo", babu wanda zai sani.

Na nuna masa inda layin ya haye da yawan abin da ya haye, domin wannan haƙƙinsa ne. Sannan na ce, "Baffa, ka yi haƙuri, iyakar abin da zan iya faɗa ke nan." Madam ta ɗago ta tambayi me ake cewa, na fassara mata duka, har da maganar kunne.

Baffa ya juya ga akwatinsa. Ya naɗe wayarsa da kansa, bai bari na taɓa ba. A bakin ƙofa ya ce, "Na gode, Madam Injiniya."

Ban yi don tsoron matar ba. Akwai masana'antu da yawa a bayan Baffa da ke jiran takardar nan ta zama abin yarda, kuma in na raɗa wa mutum ɗaya, ban san me sa hannuna yake nufi ba. Haka nake gaya wa kaina. Amma fuskarsa ba ta bar idona ba.

Ka yafe mini in na kunyata ka.

'Yarka,
Rihab

Susa, 20 ga Mayu

Mahaifina abin ƙaunata,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya. Ban samu amsarka ba. Umma ce ta gaya mini ka daina zuwa gidan gahawa, don kada ku haɗu da Baffa.

An amince da mu. Si Lutfi ya raba mana alewa, ni na kasa ci, domin na ji ɗan Italiyan bai jira ba, ya sayi na wani. Baffa ya sallami ma'aikatansa biyu. Ba zan ɓoye maka ba, wannan ya biyo ta hannuna.

Jiya Baffa ya dawo da akwatin. Bai gaishe ni ba, ya dai ajiye shi a tebur. Ga zoben nan a wayar famfo, daidai inda ya kamata, ya gano da kansa. Layin ya tashi, ya zo wurin nan, ya wuce ta ƙarƙashin jan layin. Takardar farko ke nan da na sa wa hannu tun da aka amince da mu, kuma sunansa ne a kai.

Ya karanta ta har ƙasa, ya tambaya, "Wannan, can ƙetare ba za su sake gwadawa ba?" Na ce ba za su sake ba. Ya sa ta a jaka. Ina kwance wayoyi sai na ji ya ce, "Har yanzu kina riƙe waya kamar wutsiyar kunama. Wa ya koya miki?" Na ce shi ne. Ya ce, "Ƙarya kike, 'yar shagona," ya fita.

Bai ce ya yafe ba, ni ma ban roƙa ba. Amma Baba, don Allah gobe ka je gidan gahawa. In ya zo, ka fara miƙa masa hannu.

A gaida Umma da kyau.

'Yarka mai kewarka,
Rihab