Abin da Na Yanke Daga Saman Allo

Asabar, 3 ga Mayu

Ɗana Dogo ya kawo faifan fim ɗin da ya yi wata shida yana cika mana kunne da shi. Wai masu fim sun ɗauki wani sashe a gadar da yake aiki, shi yana can sama a rataye da igiya. Ya gayyato surukinsa da maƙwabta biyu. Fim na farawa sai ga baƙin layin nan sama da ƙasa, na ɗau rimot na danna maɓallin cika allo kamar kullum. Shekara talatin da ɗaya ina gyaran talabijin, ban taɓa barin baƙi a allon kowa ba. Mutum ya sayi allo cikakke a ba shi rabi?

A minti na arba'in da biyu ya ce zai fito. Ga gada, ga motoci, ga jarumi yana gudu. Babu Dogo. Sau uku aka maimaita. Ya ce, "Wallahi Baba na ga kaina a sinima, a sama, da jar hular kwano." Na ce, a gaban surukinsa, "In ka rasa abin taƙama da aikin birin nan naka, ba sai ka haɗa da ƙarya ba." Ya tashi ya fita, ko faifan bai ɗauka ba.

Lahadi, 4 ga Mayu

Uwar yara ta dangwarar mini da abin kari ta juya. Shayin ma ba sukari.

Laraba, 21 ga Mayu

Kwana goma sha takwas Dogo bai kira ba. Matarsa ta daina kawo mini jikata. Ni dai abin da ido ya gani na faɗa. Yaron da na so ya gaji shago, shi ya zaɓi lilo tsakanin sama da ruwa. Amma kewar yarinyar nan tana damuna, ba zan ɓoye wa takarda ba.

Alhamis, 5 ga Yuni

'Yata Auta ta zo shago da tikiti biyu, wai an dawo da fim ɗin a wata sinima mai ƙaton allo na mako guda. Na ce ni da na buɗe cikin talabijin dubu, wane allo za a nuna mini? Ta ce, "To Baba, zo ka ga na dubu da ɗaya."

Asabar, 7 ga Yuni

Allahu Akbar. Ban san ta inda zan fara ba.

Na azahar muka shiga. Da farko na ɗauka bango ne. Na tsaya a bakin ƙofa ina neman allon, ashe shi nake kallo tun daga ƙasa har rufi. Na ɗaga kai sai da hulata ta faɗi. Ya kai bene shida in bai fi ba. Kujerun ma a tsaye suke kamar matakala, gwiwata tana daidai da ƙeyar na gabana.

Aka fara. Hoton a tsakiya yake, mai faɗi, da baƙi sama da ƙasa. Na ce wa Auta, "Kin gani? Su ma nasu da matsala." Har yatsana yana neman rimot a hannun kujera. Ta ce in yi shiru.

Sai aka zo gada.

Ban ga lokacin da abin ya faru ba. Kawai na ji ɗakin ya buɗe. Baƙin sama ya tafi, na ƙasa ya tafi, hoto ya miƙe tsaye. Ruwa a ƙarƙashin ƙafata, har na ɗage takalmi. Sama a kaina, babu iyaka. Na damƙe hannun Auta, ni da furfurata. Igiyoyin ƙarfen gadar suka yi ta hawa, ina bin su da ido, ina bi, ina bi, wuyana ya ƙage.

Yana can. Jar hular kwano. Ƙafa ɗaya a kan ƙarfe, ɗaya a iska, iska tana kaɗa rigarsa, tsuntsaye suna wucewa ta ƙasansa. Ta ƙasansa! Ya sa hannu ya ɗaure wani abu, a natse, yadda yake ɗaura wa 'yarsa takalmi. Daga wuyansa na gane shi, wuyan mahaifina ne.

Na ce da ƙarfi, "Ɗana ne!" Wata mata a baya ta ce, "Allah ya raya, Baba, zauna mu gani." Ban san na miƙe ba.

Daƙiƙa tara, in ji Auta. Sauran fim ɗin ban san me aka yi ba.

Lahadi, 8 ga Yuni

Na koma ni kaɗai, ban gaya wa kowa ba. Da aka tashi na roƙi mai gadi ya haɗa ni da mai haska fim. Dattijo ne sa'ana, da ya ji sana'ata sai ya ja ni ɗakin majigi. Na'ura kamar ƙaramar mota, iskar sanyi na busa ta, ga wata 'yar taga da duk wannan duniyar take fitowa ta cikinta. Na tsaya hannu a baya kamar sabon ɗalibi.

Ya ɗau takarda ya zana akwati kusan murabba'i. "Wannan namu ne, faɗi ɗaya da kusan rabi, tsawo ɗaya." Ya ja layi biyu a ciki. "Wannan talabijin ɗinku, sha shida da tara." Ya ƙara ja biyu, ya rage siririn tsakiya. "Wannan sauran fim ɗin." Ya ce a faifan gida ma in an zo wurare irin na gada hoton yakan buɗe ya cika talabijin da kansa, baƙin nan wuri ne aka ajiye masa. "Sai dai in wani gwani ya danna cika allo. Shi kenan, ya sare sama, ya sare ƙasa."

Na ce, "Akwai masu yin haka?"

Ya ce, "Sun fi a ƙirga, abokina."

Litinin, 9 ga Yuni

Na jira uwar yara ta tafi kasuwa. Na sa faifan, na cire cika allo, na bar baƙin yadda yake. Minti na arba'in da biyu hoto ya buɗe. Ga Dogo a can ƙurya ta sama, ɗan mitsitsi, hularsa tana taɓa bakin allo. Na mayar da maɓallin, ya ɓace. Na cire, ya dawo. Da yatsana.



Talata, 10 ga Yuni

Gidaje nawa na shiga a shekara talatin da ɗaya? 'Ya'yan mutane nawa na yanke?

Alhamis, 12 ga Yuni

Na kira Dogo da hantsi. Ba don komai ba, tambaya ce ta aiki, ina son sanin tsawon ginshiƙin gadar. Ya ɗauka a ƙara ta biyar. Ya ce, "Baba?" Ina jin iska tana hurawa a wayar, na gane a sama yake.

Na ce, "Da hannu nawa ka riƙe wayar?"

Ya ce ɗaya.

Na ce, "Kashe, don Allah kashe, ka kama ƙarfen da biyu. In ka sauko ka kira ni. Kuma igiyar nan taka na gan ta, ta yi siriri, ka ce su ba ka mai kauri."

Sai ya ce, "Ka gan ta?"

Na ce na gan ta.

Ban buɗe shago ba yau. Wayar tana kan gwiwata.